Yanar Idon Akawu

3 ga Fabrairu

Yaya Nas,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan aikin asibiti da sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke kumbura in na daɗe tsaye wurin wanki. Na rubuto ne maimakon waya don kin san halin kunnena, ke kina ihu ni ina "na'am?", har a gaji ba a gama gaisawa ba. Direban motar da ke zuwa wajenku ran Talata ya ce zai riƙa ajiye miki takardata a ƙofar asibiti.

Maganar idon Baba ce. Na dama ya yi fari fat, kamar an ɗiga madara a tsakiyar baƙin. Na hagu yana gani, amma dishi-dishi. Shekaranjiya ya tsiyaya shayi a kan tebur, gefen kofi, ya ce ni na matsar da kofin. Jarida yanzu ni nake karanta masa, yana gyara mini inda zan tsaya kamar har yau yana kotu. In mutane suka wuce ta taga suka ce, "Akawu, barka da hutawa," sai ya gyara zama ya amsa, in sun wuce ya tambaye ni ko su waye. In na faɗa, ya ce ai ya sani.

Mai askin da ke zuwa gida ya duba ya ce yanar ido ce, kuma ba a taɓa ta sai ta nuna. Baba ya kama maganar nan ya riƙe gam, don kin san shi da tsoron wuƙa. Ke ce kike aiki a ɗakin masu ciwon ido, ki faɗa mana abin yi.

Ya ce in gaya miki ba ya bukatar komai. Amma duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya ɗaga kai.

Ƙanwarki.

11 ga Fabrairu

Kurma,

Na ga takardarki. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke. Ƙafarki kuwa ki rage gishiri.

Ki karanta wannan a nutse, don na san ki da tsallake layi. Mai aski ya tsaya a kan gashi. Maganar a bar yana ta nuna maganar dā ce. A cikin ido akwai wani ɗan madubi, shi ne yake yin fari a ce yana. Akwai kuma ruwa da ke shiga ido yana fita ta wata 'yar magudana. In yana ta tsufa, madubin kan sha ruwa ya kumbura, ya toshe magudanar. Wani lokaci kuma narkewa take yi, dattinta ya cushe hanyar. Ko ta wace hanya, ruwa ya taru, ido ya yi tauri, shi ne hawan jinin ido. Ita yana ana cire ta a gani. Abin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa, don jijiyar gani yake kashewa.

Saboda haka ba wai gobe da asuba ba, amma kada ku bari ta nuna. Ki kai shi asibitin ido cikin watan nan a sa masa rana. In kuwa kika ga idon ya yi ja, yana ciwo, kai yana sara, ko yana amai, to ranar za ki kai shi, ko da a goye ne.

Ni ba zan samu zuwa ba yanzu. Mu biyu ne kawai a ɗakin, ga masu jiran a yi musu aiki ana jerawa kullum. Ke kina nan, ba miji ba ɗa, ba abin da ya tsare ki. Ki tuna kakarki da mahaifiyar Baba 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, amma da uwarki ta rasu shi ya ɗauko ki kina shekara tara, ya riƙe ki kamar 'yar cikinsa. Yanzu ne lokacin rama alheri.

Ki gaishe shi, ki ce ina nan tafe in an samu sarari.

Yayarki.

20 ga Yuni

Yaya Nas,

Ina gaisuwa, da fatan yara suna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, takardunki biyu na baya sun zo, ban samu zama na amsa ba.

Idon Baba na dama ya tafi.

Ran Laraba ta farkon wata yana zaune bakin taga da hantsi ya ce kansa na sara ta gefe ɗaya. Kafin azahar idon ya yi ja jawur yana hawaye. Ya yi amai sau biyu a kwandon shara. Na ba shi maganin ciwon kai, na jiƙa tsumma na ɗora masa. Washegari ya ce kamar ana buga masa ƙusa a gira. Na taɓa fatar idon da yatsa, na ji shi kamar goruba. Mai aski ya zo ya ce ai nunar ke nan, ciwon na nuna ne, a ƙara haƙuri. Haka muka yi kwana tara. Bai ci abin kirki ba, rediyonsa ma bai kunna ba. Ran na tara ya faɗi a hanyar banɗaki, maƙwabcinmu mai shago ya taya ni muka sa shi a mota.

Likitar wata doguwar mata ce mai tabarau. Ta ɗora masa wani ƙarfe a ido ta auna, ta dube ni ta tambaye ni tun yaushe. Da na faɗa, ta ajiye biro. Suka yi masa allura da ƙwayoyi har taurin ya sauka, bayan kwana uku suka cire yanar. Ciwon ya tafi. Da aka buɗe bandeji ta haska masa fitila a idon, ta ce ya faɗi ta ina hasken yake. Ya ce, "Ki kunna tukuna."

Ta auna na hagun ma. Ta ce shi ma yana da hawan, amma iri daban, wanda ba ya ciwo ba ya ja, yana cin gani ta gefe-gefe shekara da shekaru, yanar ta rufa masa asiri, duk dishin da yake gani ana ɗora mata. Ta ba da maganin ɗigawa safe da yamma, ta sa ranar cire yanar hagun ƙarshen watan gobe.

Game da takardarki ta farko, ina jin direba ya sa ta a aljihu ruwa ya taɓa ta. Wurin ninkin ya goge. Abin da na iya karantawa shi ne "ku bari ta nuna." Shi na bi.

Baba yana gaishe ki.

Ƙanwarki.

24 ga Yuni

Kurma,

Ba gaisuwa ce ta kawo ni ba.

Kwana tara. Mutum yana amai yana kuka da idonsa, ke kina ɗora masa tsumma kamar mai goyon zazzaɓi. A nan wanda ya kwana biyu da irin wannan ciwon muna yi wa danginsa faɗa. Na karanta takardarki a tsaye a ɗakin magani, sai da abokiyar aikina ta riƙe ni.

Ruwa ya goge kalma ɗaya, to sauran fa? Layin da na ce in ya yi ja ki kai shi ko a goye, shi ma ruwa ya cinye? Takarduna biyu na baya da nake tambaya ko an sa rana, su ma a kogi suka faɗa? Na san kunnenki ya mutu, ban san har kanki ya bi shi ba. Tun muna yara haka kike, a aike ki gishiri ki dawo da sabulu, a yi magana ki saki baki kina kallon mutane. Mama, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa ba za a mori komai a jikinki ba, Baba ne yake cewa a bar ki ko shara kya yi. Ga sakayyarsa.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana rubuta shari'a da hannunsa, ba a taɓa kama shi da kuskuren harafi ba, kin mayar da shi mai ido ɗaya saboda dolanci.

Ki aiko mini da takardar nan tawa in ga inda ruwan ya taɓa. Kuma maganin na hagun, in kika tsallake ko sau ɗaya, wallahi sai dangi kaf sun ji.

2 ga Yuli

Yaya Nas,

Ina gaishe ki duk da haka. Baba da sauƙi, yana cin abinci, ya koma zaman taga.

Ga takardarki na haɗo miki. Ki duba da kyau, ruwa bai taɓa ta ba. "Kada" ɗinki yana nan da baƙin biro, har kin ja masa layi. Na karanta ta sau uku ranar da ta zo, na gane magudana, na gane madubi. Ba doluwa ba ce ni, Yaya. Na ji sauƙin a ɗauke ni doluwa ne kawai, don doluwa ba a tambayarta dalili.

Kin ce kunnena ya mutu. Ba mutuwa ya yi ba. Kina aji shida lokacin, ina jin kina tunawa, ko da yake a gidan nan an koya wa kowa mantuwa. Na zubar da tawada a kan takardun kotu da ya zo da su gida. Ya mare ni da hannun da yake sa zobe. Kunnen ya kwana yana jini, bayan kwana uku ya fara ruwa, gefen fuskata ya kumbura har ba na iya tauna. Mama ta ce a kai ni asibiti. Yana cin abinci, bai ko ɗago ba, ya ce, "Ƙurji ne. A bar shi ya nuna, zai fashe da kansa." Asibiti za su tambayi abin da ya same ni, shi kuwa Akawu ne, ana gaishe shi a titi. Ya fashe ɗin kuwa, bayan mako biyu, a kan matashi. Tun ranar ban ƙara ji da shi ba, ɗayan ma ya ja baya. Aka cire ni daga makaranta don malami ya ce ba na bin karatu. Shi ya fara kirana Kurma a gaban baƙi, kuka yi dariya, sunan ya zauna.

Ban shirya komai ba, kada ki ɗauka na zauna na ƙulla. Da na nuna masa maganar asibiti a watan biyu ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido, mai aski ya fi ki sani. Sai na bar maganar. Da ina so, na san yadda ake lallaɓa shi, shekara ashirin da shida ina yi. Ranar da ciwon ya tashi na ɗauko mayafina zan kira mota. Ina bakin ƙofa ya daka mini tsawa, ya ce ke Kurma, ba ki ji ina amai ba ne, ko sai na zo na buɗe miki ɗaya kunnen? Na tsaya. Na ninke mayafin na mayar cikin akwati.

Kowace safiya cikin kwana taran nan na ce yau zan kai shi. Ran na huɗu ya kama hannuna ya ce, "Yarinya, wannan ciwon zai kashe ni." Na sunkuya daidai kunnensa, na ce masa a bar shi ya nuna, Baba. Bai gane ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, ko tunawa bai yi ba.

Ki gaya wa dangi. Ina so in ga wanda zai zo ya wanke masa fo.

Maganin hagun ban tsallake ba ko sau ɗaya. Zan tsaya a yi masa aikin, in yi jinyarsa mako biyu. Daga nan zan tafi. Mai injin niƙa na bayan kasuwa ya ce zai ɗauke ni aiki, har da ɗaki, wai ƙarar injin ta kori mata uku, ni kuwa ba ruwana. Hannun Baba yana rawa, na gwada shi ya ɗiga da kansa, a kumatu yake zubarwa. Yana bukatar mutum safe da yamma har ƙarshen ransa. Kina ɗiga wa iyayen wasu kullum. Ki zo ki ɗiga wa naki.

Ƙanwarki.

15 ga Yuli

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya ƙafa? Na yi kwana goma ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na tuna. Ni na wanke matashin. Ban gaya wa kowa komai ba, kuma ba zan gaya ba. Abin da ya wuce ya wuce, ido ɗaya ya tafi, kunne ɗaya ya tafi, a bar wa Allah sauran.

Amma kin zaci ke kaɗai ya taɓa? Ni bai mare ni ba, gaskiya ne. Ni da baki ya yi mini. In na zo ta biyu a aji sai ya sa ni in tsaya a gaban tebur in karanta sakamakon da ƙarfi, ya tambaya ko uban ta ɗayan kai biyu gare shi. Ranar da na samu makarantar jinya ya ce aikin kwasar kashi na samu. Mama ta mutu tana sanɗa a ɗakinta don kada takunta ya dame shi. Kin ga na nemi aiki a wuri mafi nisa da mota ke zuwa, kin zaci tsautsayi ne? Hutu ina samu, sau biyu a shekara. Nan nake zama in wanke labule. In na tuna ƙamshin ɗakinsa, man gashin nan da tsohuwar jarida, sai in fasa zuwa. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa maigidana ba. Ranar da za a aiko mini cewa ya rasu, zan yi kuka saboda mutane, amma ranar zan yi barcin da ban taɓa yi ba.

Saboda haka ba zan iya zuwa ba, kuma ba zan iya kawo shi nan ba. Ina da yara, ba zan sa su a ƙarƙashin wannan harshen ba. Ke kin riga kin saba. Abin da zai faɗa ma rabi kike ji, wannan ma rahama ce. Injin niƙa me zai ƙara miki, mace mai shekara talatin da biyar? Wa zai aure ki a can? A gidan aƙalla kina da inuwa. Kuma ki duba, bayan abin da kika yi, ai ke ma kina da abin da za ki wanke. Ki ɗauki ɗigon nan safe da yamma a matsayin kaffararki. Shekara nawa ma suka rage masa?

Ki ci gaba da ce masa ina tafe. Ki ƙona wannan takarda in kin gama.

Yayarki mai ƙaunarki.

19 ga Agusta

Yaya Nas,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da maigida da yaran da kike tsarewa. Ƙafa da sauƙi.

An yi aikin hagun ranar da aka sa, ya yi kyau. Da aka cire bandeji ya ga fuskar likita, ya ce ashe yarinya ce. Ta yi dariya. Sai ta sa shi ya kalli hancinta, ta riƙa kaɗa yatsa ta gefe, sama da ƙasa, bai gani ba sai da yatsan ya zo gabansa. Ta ce abin da ya rage kamar mai leƙe ta bututu ne, amma tsakiyar garau take, kuma in ana ɗiga magani zai iya kai shi ƙarshen rayuwarsa. Ta ce irin wannan mai shirun yana bin jini, 'ya'yansa su je a auna su. Na ce 'ya ɗaya gare shi, kuma ta fi ni sanin hanyar awo.

Da aka ba shi tabarau ya koma karanta jarida da kansa. Kalma ɗaya-ɗaya yake bi da yatsa, yana juya kai gaba ɗaya kamar kaza. Ya kama kuskure biyu a shafin farko, ya wuni yana murna. Har ya ce in dafa abin da kike so, don yanzu da ya warke za ki zo ya ga yadda kika koma.

Tun da muka fara rubutun nan, duk takardar da kika aiko ni nake karanta masa, kuma ni nake sa mata gishiri. Inda kika rubuta layi ɗaya na gaisuwa, ni nakan yi masa biyar. Na ce kina kewarsa, na ce yara suna tambayar kakansu. Ban san me ya sa nake yi ba, wataƙila don in ya ji daɗi gidan yakan yi sanyi kwana biyu.

Ban ƙona takardarki ba. Na yi wata guda ina karanta ta, musamman wurin kaffara, da wurin da kika ce na riga na saba. Ran Asabar bayan ya karya, ya tambaye ni ko direba ya kawo wani abu. Na ce ya kawo tun tuni. Na goge masa tabarau, na jawo kujerarsa inda haske ya fi, na miƙa masa takardar.

Tun hantsi yake karatu har rana ta bar taga. Ina daga bakin ƙofa ina tsintar shinkafa. Na ga yatsansa ya tsaya a wuri ɗaya ya daɗe, ya koma farkon layin, ya sake bi. Bai kira ni ba, bai yi tsawa ba. Da ya gama ya ninke ta uku, daidai wa daida, yadda yake ninke takardun kotu, ya sa a aljihun gaba. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

Da yamma na zo da kwalbar magani, na ce ya ɗaga kai. Ya runtse idon. Na ce Baba, lokaci ya yi. Ya ce, "Na ga abin da zan gani." Na kai hannu zan buɗe fatar, ya riƙe mini wuyan hannu, ba da ƙarfi ba, ya mayar mini da shi.

Yau kwana huɗu ke nan bai bari an ɗiga ba. Yana cin abinci kaɗan. Ya sa na juya masa kujera ta bar kallon titi. Mai injin ya ce in fara ran ɗaya ga wata, na riga na kai akwatina. Mabuɗin gida zan bar shi wurin mai shago, kwalbar tana kan tebur kusa da tabarau, da saura fiye da rabi.

Ban tambayi likita ko kwana nawa ido irin nasa yake ɗauka ba magani ba. Ke ce nas. Motar Talata tana tashi daga wajenku ƙarfe bakwai.

Kurma.